Ƙyaure ko Wando

"…Gajiya ta bi lafiya. Ya ƙafafun, amarya? Har yanzu biyu ne, ko an ƙara ta uku?"

"Biyu ne, kuma kowace ɗaya ta fi ka tsawo. Shigo, maigidan da ba a ganin ƙeyarsa sai wandonsa ya sami matsala."

"Wa ya ce miki wando ya kawo ni?"

"Ledar da ke hammatarka. Ko tsaraba ce? In tsaraba ce bari in zauna da kyau, kada mamaki ya kayar da ni."

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe Ƙirgau ya sa ƙafa a shagon ɗinkin kakarsa. Taku ɗari huɗu da goma sha biyu ya yi daga mahaɗar titi zuwa nan. Ya ƙirga su, kamar yadda yake ƙirga komai. Tun yana yaro in aka aike shi sai ya dawo da saƙo haɗe da adadin motocin da suka wuce shi, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Yanzu ƙirgar ce ke ciyar da shi. Wata bakwai ya kwashe yana nazarin muhalli na titin da za a faɗaɗa daga layi biyu zuwa huɗu, titin da ya bi ta ƙofar wannan shago. Bishiyoyi hamsin da takwas, shaguna casa'in da ɗaya, gidaje sittin da uku a gangaren bayan shagunan, duk ya sa su a rahoto mai shafi ɗari biyu da shida. Yau da ƙarfe biyu kwamiti zai zauna ya sa hannu, kuma mai gabatar da rahoto ba ya shiga gaban kwamiti yana taka ƙafar wandonsa.

Kaka ta zaro wandon daga leda, ta ɗaga shi sama, ta dube shi, ta dubi jikanta, ta sake duban wandon.

"Na wa ne?"

"Nawa."

"Kai da wa? Ku biyu za ku shiga?"

"Tsohuwa, inci biyu kawai za ki rage. Minti goma sha biyar na ware miki."

"Inci biyu! Abin da zan yanke a nan ya ishe ni labulen taga. Sa shi in gani, ba na ɗinki da jita-jita."

Ya shige bayan ƙyaure ya sa, ya fito. Ta sauko daga kan kujerarta da fil uku a baki da tef a wuya, ta durƙusa ba tare da ta dafa komai ba, ita da ta ba saba'in baya. Ta lanƙwasa, ta soka fil, ta ja layi da alli.

"Inci huɗu da rabi," in ji ta. "Cire."

"Nawa na zo da shi ai, sai in mai da."

"Wannan mai yagaggen aljihun? Miƙo shi nan. Ba za a ce mijina yana yawo aljihu a buɗe ba, ko da yake ba abin da zai zube. Ungo, ɗaura wannan."

Zane ta wurgo masa, ja mai manyan furanni rawaya, na wata mata da ke jiran ɗinki. Haka jami'in nazarin muhalli ya ƙare a bayan ƙyauren shagon kakarsa, farar riga a sama, furanni a ƙasa, wandunansa biyu suna hannun abokiyar gaba.

Keken ɗinkin ya fara ƙara. Baƙin keke ne mai taka ƙafa, yana bisa bulo uku-uku a kowace kusurwa, kujerar Kaka ma an yi mata dandamali don ta kai. Kantocin kayan mutane kuwa can sama suke dab da rufi, sai da sanda mai ƙugiya ake sauko da yadi. Tun yana rarrafe haka ya san shagon.

"Na ga aikinku," in ji Kaka, idonta a kan allura. "Jan fenti a kan rumfata. Maza na kawo wa matansu turare, nawa gwangwanin fenti ya aiko."

"Rumfa ce kawai za ta tafi. Shagon ya tsira da mita biyu da ɗigo uku. Ni na auna."

"To Allah ya tsare. Tun da kai ka auna, bari in fara ɗaure kaya."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kaka ta tsai da ƙafa.

"Me ya faru? Yau ba ka gaya mini tsuntsaye nawa ne a kan wayar lantarki ba."

"Goma sha ɗaya."

"Duk da haka. Faɗi."

Ya jingina da bango, ya gyara zane.

"Kwalbati ne, Kaka. Sabon titi zai ɗaga sama da santimita arba'in. Kwalbatin da aka zana a ƙarƙashinsa guda ɗaya ne, bakinsa santimita casa'in. Lissafina ya ce ya yi kaɗan. Guda biyu nake so, masu ɗari da hamsin-hamsin. In ba haka ba, duk ruwan da titi ya tare nan zai gangaro, ya bi ta shagunanku ya sauka gidaje sittin da uku."

"To ka gaya musu mana. Ko bakin naka a kaina kawai yake aiki?"

"Sau huɗu na faɗa. Babban injiniya ya ce lissafi daban, hujja daban. Ba wani tarihi a rubuce cewa ruwa ya taɓa damun wurin nan. An tambayi shaguna casa'in da ɗaya, casa'in da ɗaya suka ce babu. Da ƙarfe biyu a sa hannu, an gama. Siminti in ya bushe ba ya jin na yi kuskure."

"Hmm," in ji Kaka, ta ci gaba da taka keke.

Ƙirgau ba ya iya tsayuwa haka kawai, dole ido ya sami abin ƙirgawa. Sai ya juya ga bayan ƙyauren. Ya san gefen dama: nan Kaka ke tsai da jikokinta ta karta tsawonsu da bakin almakashi, kowa da harafinsa. Ga nasa nan, na ƙarshe tun yana ɗan sha tara, inci sittin da uku, daga nan tsawo ya yi masa sallama. Amma da ya sunkuya gyara bakin zane sai ya hangi wasu zane-zanen a gefen hagu, can ƙasa, inda duhu yake. Ƙananan layuka ne, kowane da shekara a jikinsa da lamba. Ya tsuguna.

"Allah sarki, amarya! Ashe tun ina jariri kike bibiyata. Ga shekarar da aka haife ni nan, kin rubuta tara."

"Haka ne."

"Tara? Jariri ne ko ɓera? Shekara ta biye, goma sha ɗaya. Ta biye…" Ya kai ido kusa. "Bakwai? Kaka, kin ga irinta ko? Shekara talatin da huɗu kina cutar mutane da wannan tef ɗin. Yaro yana raguwa ne?"

"Wani yaron dai ba ya raguwa. Kai ban sa maka hannu ba."

"Nan kuma shekara biyu ba komai. Ina na tafi?"

"Ka yi yaji."

"Sai ga shi na dawo da shida. Wannan ba awo ba ne, son zuciya ne. Zan kai ƙara."

Kaka ta cije zare da haƙori, ta tofar.

"Kai komai ka gani a duniya sai ka ce naka ne. Gefen dama na jikoki ne. Wancan gefen na wani ne, wanda ya fi ku zumunci. Kusan kowace shekara sai ya zo gaishe ni, kuma shi yana girma, ba kamar wasu ba."

"Wa ke nan?"

"Ruwa."

Keken ya ci gaba da ƙara. Ƙirgau bai motsa ba. A waje motoci shida suka wuce, karo na farko a rayuwarsa bai san cewa shida ne ba.

"Ruwa… a cikin shagon nan?"

"A'a, a cikin shayi. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa kekena ke kan bulo?"

"Na ɗauka so kike ki fi ni tsawo."

"Wannan ba ya buƙatar bulo. Shekarar da na buɗe shagon nan ruwa ya shigo ya jiƙa kayan mutum bakwai, har da na wata amarya. Kwana uku ina ba da haƙuri. Na ce ba za a sake ba. Duk shekara, ranar da ya fi cika, in ya janye sai in duba inda ya bar datti a ƙyaure, in auna, in karta. Da haka nake sanin bulo nawa zan ƙara, kanta kuma ina za ta koma."

Yatsansa ya riga ya fara tafiya a kan katako, bakinsa na motsi.

"Ashirin da bakwai. Layi ashirin da bakwai cikin shekara talatin da huɗu. Shekara ashirin da biyu na farko, sau goma sha biyar ya shigo, bai taɓa wuce sha ɗaya ba. Daga nan kuma… Kaka, me ya faru shekara goma sha biyu da suka wuce? Ya yi tsalle zuwa sha shida. Daga nan ko shekara ɗaya bai tsallake ba. Sha takwas, sha bakwai, ashirin da ɗaya… bara ashirin da huɗu!"

"Shekarar da aka ƙara wa titi kwalta ke nan. Suka zuba sabo a kan tsoho, titi ya hau da inci shida. Na auna da tef ɗin nan da kake zagi."

"Kin auna titi?"

"Wani ya hana? Tela ce ni. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya sai na auna shi."

Ya zaro ƙaramin littafinsa daga aljihun riga. Inci shida kacal sun yi wannan ɓarnar, su kuma yau za su sa hannu a kan santimita arba'in, kusan inci sha shida. Ya fara kwafe lambobin. Kaka ta miƙo wuya daga kan dandamalinta.

"Me ka rubuta a gaban ashirin da huɗun?"

"Santimita."

"Inci ne, ɗan boko! Ka ga layin ya wuce gwiwarka kana rubuta santimita? Ko da yake gwiwar taka ba ta da nisa da ƙasa."

Ya goge da sauri. Santimita sittin da ɗaya. Sai wani tunani ya zo masa, ya ɗago kai da murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Na kama ki. Ƙyauren nan bai taɓa ƙasa ba, akwai rata a ƙarƙashinsa. Duk awonki ya karkace."

"Inci ɗaya ce ratar. Daga daɓe nake aunawa, ba daga gindin ƙyaure ba. Ungo tef, gwada."

Ya gwada layi uku. Uku suka fito daidai, ko rabin zare ba su kauce ba. Ya zauna dirshan a ƙasa cikin furanninsa yana kallon tsohuwar. A ofishinsu akwai na'urar awon ƙara, da ta awon ƙura, da taswirar da aka ɗauko daga sama, amma ba su da ko shekara ɗaya ta abin da matar nan ta tara da bakin almakashi.

"To Kaka, don girman Allah, da mutanenmu suka zo tambaya me ya sa kika ce babu?"

"Su waye? Masu riguna masu ƙyallin nan biyu? Tambaya arba'in suka yi mini. Ƙura, ƙara, wari, har sauro sun tambaya. Ba wanda ya tambaye ni ruwa."

"An tambaya! Tambaya ta goma sha bakwai: shin an taɓa samun ambaliya a wannan wuri?"

"Yauwa. Na ce Allah ya kiyaye, suka rubuta a'a."

"To wannan mene ne in ba ambaliya ba?"

"Kul! Kada ka ja mana. Ambaliya ita ce wadda ake nunawa a talabijin, mutane a kan rufi, saniya ta wuce ƙafafu a sama. Namu leƙowa yake yi. Ya shigo, ya zauna awa biyu, ya fita. Duk layin nan haka muke cewa: jiya ya leƙo ku? Mai kemis, mai gyaran waya, mai aski, kowa yana da bulonsa. Da cewa kuka yi ruwa yana leƙo ku, da biro ya ƙare muku tun a shago na biyar. Wane mara kan gadon ne ya rubuta tambayar?"

Ƙirgau ya dubi rufi. Katako goma sha huɗu ne a jere.

"Na ce wa ya rubuta?"

"Wani ne a ofis."

"Gajere?"

"Matsakaici."

"Mai zane ja?"

Ta saki keken ta riƙe ciki. Dariya take yi har tef ɗin wuyanta ya zame ƙasa. Shi kuwa ya riga ya ciro waya yana ɗaukar hoton ƙyauren. Ya ɗauka da fitila, ya ɗauka ba fitila, ya ɗauka a kwance. Hoto goma sha huɗu, ba abin da ya fito sai baƙin katako da inuwar kansa. Kartar siririya ce, katakon ya sha mai da shekaru, sai an sa yatsa ake karanta ta. Ya kwafa a littafi, gaskiya, amma ya san abin da babban injiniya zai ce: rubutunka ne, lambobinka ne, kakarka ce. Ya duba agogo. Goma da minti biyar.

"Amarya."

"Na shiga uku. Muryar roƙo."

"Hasken gidana. Tauraruwar teloli."

"Babu."

"Ban faɗi abin da nake so ba."

"Ko mene ne, babu."

"Aron ƙyauren nan za ki ba ni. Awa bakwai. In kai shi gaban kwamiti su taɓa da hannunsu."

"Ƙyaurena? Ka aiko a shafa wa rumfata fenti, yanzu ka zo cire ƙofa. Gobe sai rufi. Wane irin miji ne wannan, ana kawo kaya gida shi yana fita da su?"

"Zan dawo da shi kafin ƙarfe biyar."

"Haka ka ce da ka ari almakashina kana aji uku. Ka san wa ya kafa ƙyauren nan? Wanda ya riga ka. Kakanka kafinta, namiji mai inci saba'in da biyu. Da hannunsa ya fere shi, ya ɗaura kusoshi takwas, ya ce ko bayan ransa ba mai girgiza shi. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa kusa ɗaya."

Ta faɗi wannan ba dariya, tana gyara bakin wando a kan cinyarta. Ƙirgau ya shafa bakin ƙyauren.

"Allah ya jiƙansa. Amma da yana nan da shi zai ɗauka mini a ka."

"Da yana nan da kai ba ka ga fuskata ba."

"Gidaje sittin da uku, Kaka. Mutum ɗari huɗu da tara. Yara ɗari da saba'in. Su ba su da bulo, a ƙasa suke shimfiɗa katifa."

"Kada ka karanta mini rahoto, ni na ɗinka wa rabinsu kayan makaranta." Ta ɗaga wandon, an gama shi tsaf, kalmasa kamar ta kanti. Ta haɗa shi da tsohon, ta ninke, ta zauna a kansu. "To ga hukunci. Mutum ba ya fita da abu biyu daga shagona a rana ɗaya. Ƙyaure ko wando. Zaɓi."

"Wasa kike."

"Ka ga haƙorana?"

"Guda nawa suka rage da zan gani?"

"Sun ishe ni cizonka. Zaɓi."

Ya dubi wandunan da ke leƙowa daga ƙarƙashinta. Ya dubi furannin da ke jikinsa, manya-manya, kowace kamar faranti. Ya tuna ɗakin taron: kujeru goma sha tara, babban injiniya a kai, mata shida, mai ɗaukar hoto ɗaya. Ya ja zanen ya ƙara tamke shi a ƙugu.

"Ƙyaure."

"Me ka ce?"

"Ƙyaure. Riƙe wandon, ki yi labule. Bari in tare mota mai buɗaɗɗen baya."

Ya sa takalminsa mai sheƙi, ya fita. Taku ɗaya, biyu, uku, ya wuce rumfa. Mai aski ya tsaya da reza a sama. Taku bakwai, mai gyaran waya ya miƙe tsaye don ya gani da kyau. Taku goma sha ɗaya, Ƙirgau ya isa bakin titi ya ɗaga hannu, iska tana kaɗa furanni.

"Kai! Dawo nan! Dawo kafin mai zanen ta gan ka ta ce na ba da hayar kayanta!"

Ya dawo yana tafiyar ƙasaita. Kaka na share hawayen dariya da bakin mayafi. Ta ja aljihun keken, ta lalubo a cikin zarurruka da maɓallai, ta fito da ƙaramar sukundireba mai jan kai, wadda take gyaran keke da ita. Ta miƙa masa, ta wurga masa sabon wandon a fuska.

"Sharaɗi uku. Kusoshi takwas ka cire, takwas za ka mayar. Ba a kwantar da shi fuska a ƙasa. Na uku, ka tsaya gaban mutanen nan ka faɗi da bakinka wanda ya rubuta tambaya ta sha bakwai."

"Na ukun ba zai ragu ba?"

"Na rage maka inci huɗu da rabi yau. Ya isa."

Ƙarfe biyar saura minti goma motar ta tsaya a ƙofar shago. Kaka na zaune a bakin ƙofar da ba ƙofa, ta jawo kujera ta tare hanya, tana sa maɓallai a rigar wani. Ƙirgau ya sauko da ƙyauren a ka, farar rigar ta zama ruwan ƙasa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Sun kore ka?" in ji ta.

"Hawa uku na hau da shi a ƙafa, matakala sittin da shida, bai shiga lif ba. Mai gadi ya ɗauka kafinta ne ni."

"Ya yabe ka. Sai me?"

"Na jingina shi a gaban allo. Na ce kafin komai, tambaya ta sha bakwai ni na rubuta ta, kuma ban iya tambaya ba. Aka yi dariya minti ɗaya da rabi."

"Kaɗan ne. Ci gaba."

"Babban injiniya ya ce wannan wasan yara ne. Sai wata mata a kwamitin ta ce ai gidan yayarta yana gangaren nan, kuma haka suke cewa, ya leƙo. Sai babban injiniyan ya taso. Kaka, mutumin da ko gaisuwa ba ya sunkuyawa, ya durƙusa a kan gwiwa biyu yana shafa katako. Ya sa aka kawo takardun tsohon aikin kwalta. Shekarar ta yi daidai da taki. Inci shidan ma daidai. Ya ciro biro ya soke kwalbatin casa'in da hannunsa. An ɗage sa hannu kwana ashirin da ɗaya, za a sake zana magudanar, za a sake zagaya shaguna casa'in da ɗaya da sabuwar tambaya."

"Wa zai rubuta ta?"

"Sun ce in kawo miki ki duba."

"Sun fara hankali."

"Har babban injiniyan ya tambaye ni wane injiniya ne ya ajiye wannan awon shekara talatin da huɗu ba fashi."

"Ka ce masa wa?"

"Na ce wata tsohuwa ce da ta nace sai ta aure ni, ina ta tunani."

"Ƙarya kake. Me ka ce?"

Ya ajiye ƙyauren a hankali, fuska a sama.

"Na ce wadda ta koya mini ƙirga ce."

Kaka ta sunkuyar da kai kan maɓallinta, ta daɗe tana neman ramin da allura ta riga ta shiga.

"Mayar mini da ƙofa, sauro na shigowa."

Ya mayar. Kusa takwas, ya ƙirga da ƙarfi don ta ji. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ko ƙara babu. Yana miƙa mata sukundireba ta kama hannun rigarsa.

"Cire takalmi. Tsaya nan, gefen dama. Miƙe, kada ka yi ɗage."

"Kaka, shekara goma sha biyar ke nan ban ƙaru ba."

"Rufe baki."

Ta hau kan bulo ɗaya, ta ɗora almakashi a kan gashinsa, ta karta. Da ya juyo sai ya ga sabon layi a saman tsohon, da shekarar bana, da lamba: sittin da huɗu. Ya ɗauki tef ya auna kansa, ya sake aunawa.

"Sittin da uku ne. Kin ƙara inci ɗaya. Shekara talatin da huɗu ba ki taɓa ƙarya a ƙyauren nan ba, yau kwamiti ya yarda da shi za ki ɓata mana hujja?"

"Gefen hagu ne naku. Wannan gefen ni ce kwamiti, kuma na sa hannu."

"Ai sai wandon ya yi mini gajere."

"Ka dawo in saki kalmasa," in ji Kaka tana dariya, ta mai da almakashi aljihun keke. "Dama na bar maka inci ɗaya a ciki."